Lakar Murhun Inna

Me ya hana Inna tsayawa da naƙuda ta fara mata? Na tsufa, maigidana ma ya rasu, har yau in na tuna sai na yi kuka.

Lokacin ina ƙarama a Roni. Itacen da Baba ya tara ba zai kai wankan jego kwana arba'in ba, sai Inna ta kwaɓa laka tana toshe tsakanin duwatsun murhu, don iska ta daina cinye itacen. Ina miƙa mata lakar, tana liƙawa.

"Inna, in kira Gwaggo?"

"Saura gefe ɗaya."

Da ta gama, ta dafa kaina ta miƙe, ta nufi ɗakin da ba ta fito da rai ba. A bakin ƙofa ta waiwayo.

"Kada ki bari a hura shi sai ya bushe."