Shatin Yatsan Gwani Bawa

Tun da aka wajabta sa tabarau mai faɗin farashi a kasuwar gwanjon Kano, mutane suka daina kallon kaya, sai lambar da ta fito a gilashi.

Ranar Laraba aka fito da wani tsohon allo na bayan gingimari. Tabarau ya ce itacen girki ne, ga tabo a gefe. Inna Tabawa ta tura nata tabarau kan goshi, sai ta ga zanen zaki yana shan ruwa. Tabon kuwa ta san shi. Shatin babban yatsan Gwani Bawa ne, mai zanen da gidajen tarihi ke neman aikinsa ruwa a jallo. Haka yake dangwalawa kafin fenti ya bushe. Shekara tara ta yi tana dama masa launi.

Ta saya a kuɗin itace.

"Inna, me kika gani a jikinsa?" in ji dillalin da ya sayar mata.

"Cire tabarau ka duba, ɗan nan."

Ya kai hannu, ya fasa. "Kaina ciwo yake in na cire."

Ta ɗora allon a ka, ta ratsa taron tana taku ɗai-ɗai. Duk kasuwar ita kaɗai ta san cewa da zaki ta fita.