Kumburin Mai-Jar-Wutsiya

Cikin ɓeran nan Mai-Jar-Wutsiya ya ƙara kumbura, Sarkin Ɓera kuwa ya kasa zaune ya kasa tsaye.

Shi ne mai kula da fararen ɓerayen ɗakin gwaji, kuma wallahi duniya ba ta yi masa adalci ba. Mutumin da ke bugun ƙirji cewa ɓera bai taɓa salwanta a hannunsa ba, kyakkyawan da ya ƙi sa tabarau don kada a ɗauke shi tsoho, a ce yau shi ne yake zufa a gaban keji?

Aikin ba wuya. Kullum da safe a ɗura wa ɓerayen ruwan sassaƙen wani itace, a ga ko yana cutarwa kafin a ba mutane. Maza zalla Dakta mai binciken ta zaɓa, kowanne da fenti a wutsiya. Duk garau suke, ban da wannan mai jan fentin.

"Kawu, ko dai hanta ce?" in ji Dakta, tana leƙen kejin. "In guba ce, aikin nan ya mutu, ni da kai mun koma gida. Wai ma me ya sa fentinsa ya fi na kowa sheƙi?"

"Ɗan gayu ne, ranki ya daɗe. Ni ya gado."

Ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce gobe za a feɗe shi a duba.

Ya kori kyanwar da ke lasar baki a taga, tagar da kwanan nan ya koyi rufewa. Ya share inda ya riga ya share. A hanyar gida mai sayar da tsuntsaye da dabbobin ado ya ɗaga masa hannu, ya yi kamar bai gani ba. Gaskiya ma dishi-dishi ya gani.

Washegari ya tarar Dakta ta riga shi, tana tsaye ƙiƙam a gaban kejin. Ta cire tabaraunta ta miƙa masa.

"Sa ka gani, Kawu. Ba guba ba ce. Barka da arziki."

Ya sa, ya sunkuya. Ga namijin da ya sayo a ɓoye ya maye gurbin wanda kyanwa ta cinye, kwance a kusurwa, yana shayar da jajayen 'ya'yansa.