Idanun da ke Bangon Coci

"Fuskar za ka canza, da riga," in ji maigidana, yana tofar da ƙwallon zaitun. "Sunan kuwa bar shi. Allah ya hutar da mu, sunansu ɗaya da sarki."

Na hau tsani da guduma. Ni na jera hoton nan na yayana a bangon coci da ƙananan duwatsu masu launi, shekarar da aka naɗa shi babban limamin cocin birni. Jiya Sarkin Rum ya tuɓe shi. Aka zagaya da shi filin tseren dawaki a kan jaki, yana fuskantar wutsiya, sannan aka ƙwaƙule masa idanu.

Ban ji komai ba. Na ɓamɓare gemu, na ɓamɓare goshi, duwatsun suna zuba cikin kwando kamar wake. Da rana na sauko na ci gurasata.

"Kai, wai dutse ne a ƙirjinka?" in ji maigida. "Ko ƙwalla babu?"

"Miƙo min kwaɓin farar ƙasa," na ce.

Na jera sabuwar fuska, ta sarki, na ɗora mata kambi.

Ran da aka yaye wa hoton labule, sarki ya zo da kansa. Ya daɗe yana kallon hotonsa. Ya matsa dama, ya dawo hagu, ya share gumi.

"Wa ya yi wannan? Duk inda na tsaya sai in ga ya kafe ni da ido."

"Ranka ya daɗe, ƙwarewa ce," in ji maigida.

Na sunkuyar da kai. Idanun yayana ne kaɗai ban cire ba.