'Yar Tsakon Doña Ercilia

Kwana da kwanaki Doña Ercilia tana murza ƙullin masara da magana ɗaya tsaye a maƙogwaronta. Shugabar makaranta ta kira 'yarta Dilcia ofis, ta ce idan ba a ga canji tsakaninta da yaran ajin nan ba kafin a rufe a Nuwamba, to baɗi kada ta dawo. Wai Dilcia. Yarinyar da ko ƙuda ya sauka mata a hanci sai ta ba shi haƙuri kafin ta kore shi.

Ita Ercilia ba ta yi nisa a boko ba, amma ai ba sai da takarda ake gane zalunci ba. Tun Fabrairu da Dilcia ta shiga sakandaren take lura. Sabuwa ce, ga ƙaramin jiki, ga murya kamar ta sauro. Kafin sati ya zagayo sun raɗa mata 'Yar Tsako. Wadda ta ƙirƙiro sunan wata Keylin ce, 'yar mai kantin magani, mai tafiya tana kaɗa gashi kamar duk garin Copán gonar ubanta ce.

Sai kuma ƙungiyoyi. Makarantar nan ba ta da aiki sai ƙungiyoyi: ta wasan kwaikwayo, ta masu ganga, ta masu leƙen taurari, har da ta masu shuka tumatir a tsohuwar taya, sai ka ce gona ta ƙare a garin. Dokarsu ce kowa sai ya riƙe ɗaya. Dilcia da bakinta bai iya a'a ba, biyu aka jibga mata.

A ta wasan kwaikwayo ita ta tsara labarin, ita ta ɗinke rigunan a keken ɗinkin gida, ita ta manna wa wani ƙato gemun auduga. Ranar bikin iyaye mata Ercilia ta ci kwalliya ta zauna layin gaba. Keylin ta fito a sarauniya, ta manta rabin maganarta, aka yi ta tafa mata kamar ta buɗe idon makaho. Dilcia tana bayan labule tana raɗa mata abin da za ta ce. Ko hancinta ba a gani ba.

Da faretin 'yancin kai ya zo a Satumba abin ya fi muni. 'Yan mata sun sha fararen takalma har gwiwa suna juya sanda, sandar na faɗuwa suna ɗauka, iyayensu na ihu kamar an ci yaƙi. Can gefen titi ga Dilcia cikin rana, rataye da jakunkunansu, tana bin su da robar ruwa. Ercilia ta koma gida ba ta ko tsaya ganin ƙarshe ba.

Kullum da yamma kuma sai Dilcia ta shigo rungume da aikin gida na yaran nan, ta zauna tana gyara musu shirmensu har idonta ya yi ja, su suna dandali suna shan ƙanƙara. Taron iyaye ya zo, kowace uwa ta je ta amayar da cikinta, Dilcia ta ce wa Ercilia ba da ita ake ba.

"Bari in je in ga shugabar nan, 'yar nan. Magana kawai zan yi."

"Mama, don Allah na roƙe ki. Kika taka ƙofar makarantar nan kin gama da ni."

Ercilia ta haƙura. Ta kunna kyandir a coci, ta ƙara wa Dilcia wake a wainar masararta ta tortiya. Har ranar da Dilcia ta dawo da cingam manne a ƙeyarta. Ercilia ta ɗauko almakashi ta yanke gashin da ta yi shekaru tana shafa wa mai.

Washegari da hantsi ta kashe murhu, ta yafa gyalen zuwa coci, ta nufi makarantar. Mai gadi ya tambaye ta wurin wa ta zo, ta wuce shi kamar turke. Ba ta nemi ofis ba. Hayaniya ce ta kai ta ajin.

Dilcia kaɗai ce a tsaye gaban allo, riƙe da alli a hannunta. Tana magana, Keylin na maimaitawa da muryar tsako, ajin na kwashewa da dariya. Wani ya dunƙule takarda ya jefa, ta same ta daidai inda aka yanke gashin.

Ercilia ba ta san lokacin da ta ratsa kujerun ba. Sai dai ta ji kunnen Keylin a hannunta, da ɗan kunnen zinariya da komai.

"Ke ce 'yar mai magani ko? To ki ce wa ubanki ya nemo miki na kunne." Ta murɗa. "Kun ga tsako kun raina. To ga kazar ta zo."

Allin ya faɗi ƙasa ya rabu biyu. Dilcia ta ce, "Mama," can ƙasa-ƙasa, irin yadda ake faɗa a bakin kabari.

Shugabar makarantar tana bakin ƙofa. Ta cire tabarau, ta dubi kunnen da ya yi jajir, ta dubi gyalen coci. Ta ce wa Dilcia ta biyo ta ofis, ta taho da makullin ajin gaba ɗaya.

"Na sha ganin ɗalibi ya kawo uwarsa ta rama masa," in ji ta. "Amma tunda na fara aikin nan, Malama Dilcia, ke ce malama ta farko da ta kawo tata."