Turken Akuyar Barau

Ga misali ga mai ganin wasu abokan tafiyarsa cin banza kawai suke yi. A wani ƙauye da ke bayan fadama an yi maƙwabta biyu, Barau da Malam Isuhu, da suka sayi motoci iri ɗaya, irin waɗanda inji ke juya tayoyinsu huɗu gaba ɗaya. A ƙarƙashin irin wannan mota akwai wani dogon ƙarfe da makanikai ke kira farfela, shi ke kai ƙarfin inji ga tayoyin baya. In taya ɗaya ta taka santsi ta rasa abin kamawa, sai motar ta miƙa ƙarfin ga waɗanda suka dafe ƙasa. Shi kuwa Barau wayo ya yi masa yawa, ko allura ya saya sai ya nemi abin ragewa a jikinta. Da ya ji an ce farfela na ƙara shan mai, bai yi wata-wata ba ya sa bakanike ya kwance ta, ya bar tayoyin gaba su ja su kaɗai. Ƙarfen kuma ya kafa shi a tsakar gida ya ɗaure akuya. Duk rani yana shan iska a busasshiyar hanya, in ya haɗu da maƙwabcinsa sai ya ce, "Malam, har yanzu baki huɗu kake ciyarwa?" Malam Isuhu sai dai ya yi murmushi ya ce damina na tafe.

Ta kuwa zo. Ran wata Talata da hantsi, ana tsakiyar marka, kububuwa ta sari Tasalla, matar Barau, tana cirar ciyawa a gonar gyaɗa. Asibitin da ke da allurar dafi yana hayin fadama, dafin kububuwa kuwa ba ya jiran kowa. Barau ya saka ta a mota ya taka wuta. Suna shiga taɓo sai tayoyin gaba suka kama wulwulawa a wuri ɗaya, suna feshin laka, suna haƙa wa kansu rami. Na baya, ga su a kan tsandauri, sun yi cirko-cirko kamar 'yan kallo, don an yanke abin da ke kai musu ƙarfi. Ya waiwaya ya ga ƙafar matar ta kumbura har gwiwa, jini na tsattsafowa daga dasashinta. Nan tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba.

Malam Isuhu ya ji labari ya biyo sawunsu. Bai tsaya yi masa gori ba, "Ɗauko ta" kawai ya ce. Barau ya zauna baya a motar Malam Isuhu ya tallafe kan matarsa, motar ta ratse ta gefen tasa, inda lakar ma ta fi zurfi. Yana jin abin da ke gudana a ƙarƙashinsa: tayar gaba ta zame, ta baya ta turo, ta hagu ta nutse, ta dama ta ciji ƙasa. Ba gudu, ba gurnani, tafiya take a natse kamar shanun huɗa da suka saba da juna. Wanda ya ƙera abin nan dai ya san aikinsa, Barau da kansa ya faɗa a ransa, yana jin kunya da sha'awa lokaci guda. Suka haura, aka yi wa Tasalla allura, malamin asibiti ya ce da sun ƙara awa guda da sai dai a ba Barau haƙuri.

Ran da aka sallame ta, Barau ya kwance akuyar, ya tumɓuke turken, ya saɓa a kafaɗa ya nufi garejin bakanike. Mutane na kallonsa suna dariya, shi ko a jikinsa. Da ma Hausawa sun ce, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.