Ragowar da Take Yankewa

Shekararta talatin da takwas, bazawara ce, ita ke tace finafinan kamfanin. Washegarin bikin karramawa, mai ɗaukar hotonsu ya dire mata kambun da ya ciyo a kan tebur.

"Hajiya, na gaji da gwauranci. In turo manya?"

Ta cire tabarau, ta murza idanu. Ta daɗe tana jiran wannan magana.

"Malam, duk abin da ka ɗauka ta hannuna yake bi. Darakta zai ce a tsaya, amma kyamararka ba ta barin fuskar jarumar finafinanmu. Shekara uku ke nan ina yanke ragowar."

Ya sunkuyar da kai.

Ta tura masa kambunsa, ta mayar da tabarau, ta juya ga kwamfutarta.