Zanen Alli a Kafaɗar Tulu

An yi wata Bamagujiya a wani ƙauye, mijinta ya mutu ya bar mata gonar dawa wadda ta fi ƙarfin hannu biyu. Abin da ke nome mata gonar nan kowace damina giyarta ce. Ta iya burkutu, iyawar da ko maƙiyinta ba ya musu, shi ya sa in ta kira gayya maza ba sa jira a maimaita musu. Tulunanta a jere suke a ɗaki, duk ginin mace ɗaya, ba ka bambance wannan da wancan. Na cikinsu ne ya bambanta: wata yanzu aka sauke ta daga wuta, zaƙi zalla kamar kunu, wata ta fara kumfa, wata ta nuna ta isa sha. Kullum da safe sai ta bi su da ƙoƙo, ta kurɓa ta furzar, ta kurɓa ta furzar. Harshenta bai taɓa yi mata ƙarya ba, sai dai aikin ya gundure ta.

Ran nan a kasuwa ta ga mai man gyaɗa yana zana wa durominsa alli, dabarar ta shiga ranta. Ta sayo alli, ta kankaro baƙin gindin tukunya ta kwaɓa da ƙaro, ta shafa wa kowane tulu a kafaɗa, faɗin tafin hannu. Da ya bushe sai ya zama kamar ɗan allo. Ita ba ta san ko bihim ba, kuma ba ta bukata: sanda ɗaya sabuwa ce, zobe kuwa ta nuna. In abin ciki ya sauya a goge a sake zane. Dabara ce mai kyau, kada wani ya ce maka ba ita ba ce. Daga bakin ƙofa take leƙawa ta san inda kowane tulu ya kwana, har maƙwabta suka fara zuwa kallo. A hankali ta daina ɗanɗanawa, don me za ta wahalar da baki alhali ido ya isa?

Jajibirin gayya dangin mijinta suka sauka babu sallamar zuwa. Ta shayar da su daga tulu mai zobe har gindi. Ga sabuwar dahuwa na jira a tukunya, sai ta juye a tulun da ya zama fanko. Wanda ta tanada don gayya kuwa yana gefe da sandarsa, cikin daren zai ƙarasa nuna. Zane biyu ke nan ke neman gyara, aikin da bai kai a sa gishiri a miya ba. Ta ce bari ta kwashe tuwon baƙi ta dawo. Tuwo ya kai ta ga shimfiɗa, shimfiɗa ta kai ta ga barci.

Gari na wayewa, maza sun riga sun yi gona, ita kuma hankalinta ya rabu tsakanin murhu da tulu. Ta leƙa ɗaki, idonta ya faɗa kan zobe kamar yadda ya saba, ta ɗaure bakin tulun, ta aza a gammo, ta kama hanya, gonar kuwa da nisa. Rana ta take, maza suka ajiye garma suka zauna a inuwar ɗorawa, gumi na zuba. Ƙanin mijinta, wanda shi ya tara mata mutanen, ya fara kurɓa. Ya riƙe a baki, ya dube ta, ya haɗiye da ƙyar.

Ya ce, "Matar yaya, yaye za ki yi mana? Ai da kin faɗa mun zo da zanen goyo."

Dariya ta tashi, amma ba ta daɗe ba. Mutumin da ya sunkuya tun safe a gonar wani, ba kunu ya zo sha ba. Ita kuwa a take ta tuna, ta ce su yi mata haƙuri, ta nufi gida da sassarfa. Kafin ta dawo da tulun gaskiya, kiɗan wata gayya ya tashi a hayin rafi, sun saɓa garmunansu sun bi shi. Ta tarar da rabin gona a nome, rabi ciyawa har gwiwa, babu kowa sai tulun kunu a inuwa. Ta bi sauran da fartanya ita kaɗai, ciyawa na gaba tana baya. Da kaka ta yi, abin da ta zuba a rumbu bai kai ta bazara ba.

To, ka ji. Alli ba ya ƙarya, abin da aka gaya masa jiya shi yake maimaitawa yau. Sa'ad da tulunanta ke tsirara ba ta taɓa ɗaukar wani a madadin wani ba, don ta san ba ta sani ba, sai ta ɗanɗana. In za ka sa wa abu alama, ka ɗauki nauyin goge ta a kan kari. In ba za ka iya ba, bar tulu yadda maginiya ta gina shi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.